Malam Ɗahiru Mai Jakar Laftof Ya Rasu

Da safiyar nan ina cikin aji ƙanena Auwal ya kira ni. Ba na ɗaukar waya a gaban ɗalibai, amma da ya sake kira sai na fita baranda. Ya ce, "Yaya Rukayya, Malam Ɗahiru ya rasu. Yau da asuba, a asibiti."

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Na koma ajin, yara suka zuba mini ido, na rasa inda na tsaya a darasin.

Ga waɗanda ba su san shi ba, Malam Ɗahiru asalinsa mutumin Dayi ne. Ya daɗe a Kaduna yana gyaran kwamfutocin ofisoshi, daga baya ya tattara ya dawo Funtua ya kama koyar da kwamfuta a sakandare. Amma mu 'yan ƙauyukan gefen Maska ba a makaranta muka san shi ba. A kan mashin muka san shi, duk Asabar da Lahadi, da wata baƙar jaka a goye kamar mai kai yaro asibiti.

Kafin in haɗu da shi na taɓa faɗuwa jarrabawar shiga jami'a, wadda ake yi a kan kwamfuta. Ba rashin karatu ya kayar da ni ba. Ranar ce farkon zamana gaban kwamfuta a rayuwata. Na san amsoshin, amma kibiyar nan ta kan allo tana zuwa inda ban aike ta ba. Lokaci ya ƙare ban kai rabi ba.

Baba ya ce in sake gwadawa sau ɗaya. In bai yiwu ba, in haƙura in zauna wajen Inna in koyi ɗinki.

A wannan shekarar Malam ya fara zuwa garinmu.

Garinmu ba wuta. Turakun suna nan, wayar ce babu. Shi ya sa da aka ce wani malami zai buɗe ajin kwamfuta, mutane suka ɗauka janareto zai kawo. Sai ga shi ya zuge jaka yana fito da wasu laftof sirara, na hannu, marasa nauyi, har Auwal ya ɗaga ɗaya da yatsu yana tambaya ko akwai wani abu a ciki.

Shi da kansa ya ba mu labarin yadda aka same su. Wani Alhaji Mamman, ɗan kasuwar hatsi a Funtua, ya yi niyyar sadaka. So yake ya sayi manyan kwamfutocin tebur da janareto, abin da in an shigo za a ga an yi aiki. Malam ya ce masa a'a, ƙananan nan yake so.

Alhaji ya ce, "Malam Ɗahiru, ni ba na son a ce na yi ƙwauro. An ce mini waɗannan ba su da ƙarfi."

Malam ya ce, "Gaskiya aka faɗa maka, Alhaji, ba su kai waɗancan ba. Amma in ƙasarka ba ta da taki, masara za ka shuka ko gero?"

Ya ce Alhaji ya yi ta dariya, ya ce an ɗaure shi da jijiyoyin jikinsa.

Mu ma haka ya yi mana bayani tun ranar farko. Ya ce a cikin kowace kwamfuta akwai wani ɗan abu da ake ce wa firosesa, shi ne ƙwaƙwalwarta. Akwai mai ƙarfi, wanda ke zuƙar wuta yana zafi, dole sai da fanka a kansa. Akwai kuma wanda tun a ƙirarsa aka yi shi don ya yi aiki da wuta kaɗan. Irinsa ne a cikin namu. Shi ya sa ba sa ƙara, ba sa ƙona cinya, kuma caji ɗaya kan kai su daga hantsi zuwa la'asar in an lallaɓa su.

Bai taɓa yi musu ƙarya ba. Wani yaro ya taɓa sa wasan ƙwallo a ɗaya, ya dinga sarƙewa. Malam ya ce, "Ba don wannan aka yi ta ba. Rubutu, lissafi, jarrabawa, nan ne gonarta."

Farantin sola guda ya kafa a rufin wani aji na firamarenmu, shi ke cika su duka.

Akwai abubuwan da ba na mantawa. Laftof ɗin da batirinta ya fi kyau, wanda ya fi kowa nawa yake ba wa, don kada ta mutu masa bai gama ba. Ni na fi kowa riƙe ta a farko.

In mace ce ke koyo, da bayan biro yake nuna mata inda za ta danna. Ya ga yadda nake taɓa maus, abin da ake juya kibiyar allo da shi, kamar garwashi, ya ce, "Rukayya, riƙe shi sosai. Tun da nake ban ji wanda ya ciza ba."

Akwai wani gidan Maguzawa a bayan rafinmu. Da kansa ya je ya gaida maigidan, ya roƙi a bar 'yarsu Ladi ta riƙa zuwa aji. Wasu a gari suka ɗan yi guna-guni. Abin da ya ce kawai shi ne, "Jarrabawar nan ba ta tambayar addinin mutum kafin ta kayar da shi." Ladi ta zo, kusa da ni take zama.

Saura 'yan makonni a yi jarrabawa, guguwar farkon damina ta taso ta yaye rufin ajin, ta yi jifa da farantin solar cikin gona. Ya tarwatse. Da muka je muka gani, ni dai zama na yi a ƙasa. Na riga na fara ganin kaina a kan keken ɗinkin Inna.

Malam ya zo, ya duba. Sai ya ce mu tattara zuwa zauren Mai Unguwa, darasi bai tsaya ba.

Daga ranar a Funtua yake yi musu caji, in an kawo wuta a gidansa, in ba a kawo ba a shagon mai cajin waya. Ya goyo su cike ya kawo mana. Kuma ya daina jiran Asabar. Kullum in ya tashi daga makaranta sai ya kamo hanyar Maska, wani lokacin ya iso wandonsa duk taɓo.

A zauren nan ya koya mana tattalin wuta kamar yadda uwa ke tattalin hatsi a watan da rumbu ya yi ƙasa. A rage hasken allo. A kashe neman intanet tun da babu shi. Abin da ba ka amfani da shi ka rufe. Za ka tashi salla, ka kifa murfin. Muna layi muna karɓa-karɓa, kuma ban tuna ranar da muka tashi don caji ya ƙare ba. Da manyan kwamfutocin nan aka saya, da a ranar guguwar ajinmu ya mutu.

Ranar jarrabawa na gama da sauran lokaci, har na koma na duba amsoshina. Ina fita na ari waya na kira shi.

Ya ce, "Maus ɗin bai gudu ba?"

Na ce, "Malam, na kama shi."

Na ci. Ladi ma ta ci. A ajinmu akwai wanda yanzu malamin gona ne, akwai mai shagon gyaran waya da laftof a Malumfashi, akwai ungozoma. Ni kwamfuta na karanta, ita nake koyarwa. Duk lokacin da ɗalibi ya tambaye ni wace laftof zai saya, sai in ce masa ya fara gaya mini ina zai yi mata caji.

Makon jiya na je duba shi. Ciwon ƙoda ya cinye shi, har ban so ya ga fuskata ba da na shiga. Amma shi fara'a yake. Ya ce in matso, akwai labari.

Ya ce ranar da aka kawo shi, a wajen yankar kati, sai ya ji ma'aikaciyar ta ce, "Malam, ba sai ka faɗi sunanka ba." Ashe Ladi ce, a ɗakin ajiye bayanan marasa lafiya take aiki. Ya ce ya manta da ciwon, ya tsaya yana kallon yatsunta.

"Rukayya, yarinyar nan ko kallon madannan ba ta yi. Wallahi ta fi ni sauri."

Yana faɗa yana dariya har tari ya sarƙe shi.

Mutumin gadon kusa da shi ya tambaya ko 'yarsa ce ni. Malam ya ce, "A'a, abokiyar aikina ce." Na sunkuyar da kai na yi kamar ina gyara mayafi.

Da zan tafi ya kira ni. Tun da ya kwanta, tsofaffin ɗalibansa ne ke zagayawa da jakar. Ya ce in gaya musu akwai wata laftof mai ruwan toka da batirinta ya fara kumbura, kada a ba yara sai an canza. Na ce to. Ya ce, "Kada ki manta fa."

Maganarmu ta ƙarshe ke nan. Washegari aka canza batirin.

Za a yi jana'izarsa yau bayan azahar a Dayi. Ya bar matarsa, Malama Hauwa, da 'ya'yansu.

Ya Allah, ga bawanka Ɗahiru ya zo gare ka. Ka gafarta masa, ka yalwata kabarinsa, ka sa Aljanna Firdausi ce makomarsa. Duk ɗan da ya ci abinci da abin da ya koya masa, ka kai ladan gare shi. Ka ba iyalinsa haƙuri, ka raya abin da ya bari.

Kai da ka karanta har nan, ko ka san shi ko ba ka san shi ba, don Allah kada ka wuce ba ka yi masa addu'a ba.