Ni Na Hana A Kai Yayana Asibiti

A shekarun da kuɗin man fetur suka fara yawo a ƙasar nan, ni saurayi ne a Tafoki, mai ƙarfi da saurin baki, irin wanda ke ba da amsa tun ba a gama tambaya ba. Mu biyu mahaifinmu ya bari, ni da yayana. Da damina mu yi noma, da kaka mu tafi kasuwar auduga ta Faskari mu yi lodi. Yayana mutum ne mai sanyi, yana da mata da 'ya'ya uku, kuma buhun da mutum biyu ke kokawa da shi, shi kaɗai yake sungumarsa. Yakan tsokane ni ya ce da baki ake lodi, da tuni na cika motocin duniya. Na rubuto muku ne don abin ya daɗe yana cina.

Wata ranar Laraba da hantsi, wata gingimari ta yo baya ba tare da an duba ba, ta danne wa yayana ƙafar hagu a jikin tarin buhuna. Nan take ya suma. Direban, wani dattijo, ya ce a sa shi a gaban mota yanzu ya kai shi asibitin Funtuwa. Ni kuwa na tare ƙofa. A lokacin kowa a ƙauyenmu ya yarda cewa in ka kai karaya asibiti, yanke ƙafar za su yi, karaya aikin maɗori ce. Na ce ɗan'uwana ba zai je mahauta ba. Direban ya roƙe ni har sau uku, ya haɗa ni da Allah, ya ce wannan ba karaya ce kawai ba, akwai rauni a buɗe. Na ce masa wanda ya yi ɓarna ba shi zai koya mana gyara ba. Duk wannan a gaban jama'a na faɗe shi, har ina jin kaina gwarzo.

Muka kai shi wajen wani maɗori a Mabai, wanda ya gaji aikin tun kakanni. Ba zan zalunce shi ba, da ya ga ƙafar sai da ya yi jim, ya ce shi ƙashi ya sani, naman da ya dagargaje bai ba da tabbacinsa ba. Na matsa masa, ya jera kara ya ɗaure. Kwana tara muna can. Yatsun suka yi baƙi, ɗakin ya fara wari, ni kuma ina ta gaya wa matarsa cewa magani ne ke aiki. A rana ta goma maɗorin da kansa ya ce mu ɗauke shi. A asibitin da na guje masa aka yanke ƙafar daga saman gwiwa. Likita ya ce da ranar farko muka zo, da akwai fata. Gudun gara na kai shi gidan zago.

Bayan ya warke, dattawa suka ce a nemi diyya, tunda mai ƙafa ɗaya ba ya lodi, ba ya huɗa, ga yara ƙanana. Muka kai ƙarar mai motar gaban alƙali. Mai motar bai musa ba cewa motarsa ce ta yi karayar, amma ya ce yankewar ba a wuyansa take ba, domin direbansa ya nemi kai yayana asibiti aka hana. Shaidunsa 'yan lodi ne da suka watse garuruwansu, mutum ɗaya aka samu. Alƙali ya ce a zama na gaba ni zan amsa, in na musa kuma zan rantse. Wasu abokaina suka ce in musa kawai, wa zai kama ni? Ban ɓoye muku ba, na yanke shawarar haka, don ina ganin ita ce hanya ɗaya da zan gyara abin da na ɓata.

Da safen zaman, muna jiran mota a bakin hanya, yayana na zaune a kan kututture da sandunansa a gefe, ya kira ni. Ya ce ya san abin da ke raina tun daga yadda na daina kallon idonsa. Ya ce ƙafa ɗaya ya rasa, kuma ya saba, amma in na dafa Alƙur'ani a kan ƙarya, abincin da 'ya'yansa za su ci da ita ba ya so. Ya ce ƙafa ta riga shi tafiya, kada in sa ya rasa ƙane ma a lahira. Sannan ya yi murmushi ya ce yau dai in bar bakin nan ya yi lodin gaskiya.

Na tsaya gaban alƙali na faɗi komai. Ya yanke cewa mai mota zai ɗauki nauyin karayar da jinyarta, amma diyyar ƙafa ba ta hau kansa ba, tunda mu muka ƙi magani a kan lokaci. Abin da aka bayar bai kai mu damina ta biyu ba. A wajen kotu na durƙusa ina kuka, yayana ya dafa kafaɗata ya miƙe, ya ce in tashi, shi yanzu da ni yake tsayuwa.

Tun daga nan gonarsa nake fara nomewa kafin tawa, shi kuma ya koma saƙar tabarma, har Allah ya karɓi ransa bai taɓa goranta mini ba. Wannan shirun ya fi zagi zafi. Ina roƙon mai karatu, in tsautsayi ya faɗa wa naka, kada jita-jita da zafin rai su yanke masa shawara alhali shi ba ya iya magana. Ka kai shi inda za a duba shi, ka karɓi takardar likita ka adana, ita ce bakinsa a gaban shari'a. Ni na yi magana a madadin yayana sau ɗaya, yana sume, ya biya da sauran rayuwarsa.