Fuskar Umma a Cikin Lambobi

Yayana lissafi ya karanta a jami'a, shi ne na farko a gidanmu da ya kai can. Da ya gama, ya yi ta yawo da takardu ofis-ofis har takalmansa suka cinye, aiki bai samu ba. Ƙarshe ya kama ɗan shago a ƙarƙashin bene, tsakanin tela da mai gyaran waya, yana buga wa mutane takardu, yana wanke hoto. Telan ne ya laƙaba masa Farfesa, sunan kuma ya bi shi.

Abin da ya rage masa na karatun shi ne gyaran tsofaffin hotuna, da hannunsa yake rubuta wa kwamfuta umarni. Ya taɓa nuna mini cewa hoto a wurin kwamfuta lambobi ne kawai, jere layi-layi, kowane ɗigo da gidansa. Baƙi ƙaramar lamba, fari babba.

"Kin gani, Auta, ba sai na bi gida-gida ba," in ji shi. "Sharaɗi zan kafa. Duk gidan da lambarsa ba ta kai kaza ba, a zuba masa wata. Layi ɗaya, an gama."

Hoton Ummanmu, Allah ya jiƙanta, ɗaya ne a duniya. Ina goye ta rasu, ta hoton nan kaɗai na san ta. A akwatin Baba yake, danshi ya shige shi, baƙaƙen tabo suka feso masa ko'ina. Lokacin idon Baba ya fara dushewa, sai ya ba Yaya hoton ya ce a goge tabon, a ƙara masa girma, ya ƙara ganinta tun yana iya gani.

Ina shagon ranar. Yaya ya kwantar da hoton a gilashin na'ura ya ɗauke shi zuwa kwamfuta. Da ya zo ɗagawa, fuskar takardar ta manne da gilashin, ta ɓare kamar ɓawon albasa. Na dafe ƙirji. Ya ce kar in damu, ai Umma tana ciki.

Ya kafa sharaɗinsa: duk gidan da ya yi duhu sosai tabo ne, a zuba masa launin toka irin na bangon da ke bayanta. Sai dai Umma baƙa ce, a inuwa kuma ta tsaya. Lambobin fuskarta da na tabon duk ɗaya suke. Kwamfutarsa tsohuwa ce, ba wuri, don haka ya saba umarninsa na ƙarshe shi ne a ajiye sabo a kan tsoho. Ya danna.

Mayafinta na nan, 'yan kunne na nan. Fuska kuwa shafe, kamar an yaɓa siminti.

Tela ya leƙo da tsinken allura a baki. "To Farfesa, ka ce mata ta mayar mana."

"Ta mayar da me? Duk gidajen lamba ɗaya ce a cikinsu yanzu. Ba wanda ya san abin da yake ɗauke da shi a da."

Mai gyaran waya ya kwance kwamfutar ya yi iya yinsa, bai samo komai ba.

Daga nan Yaya ya daina hira a bakin shago. Ya yi ta gwada cike gidajen da lambobin maƙwabtansu, sai wata fuska ta fito da ba ta kowa ba. Gwaggo ta ce goshina da hancina na Umma ne sak, sai ya tsayar da ni a inuwa ya ɗauke ni, ya kwashe lambobina ya zuba a gidajen. Ya wanke shi babba, muka kai wa Baba.

Baba ya kai hoton dab da idonsa mai sauran gani, ya daɗe yana dubawa.

"Auta ce wannan," ya ce. "Ta yi kyau kuwa. Ina na uwarku?"

"Ana kan aikinsa, Baba."

Yanzu idon ya rufe gaba ɗaya. Yaya ba ya karɓar tsohon hoto daga hannun kowa, buga takardu kawai yake yi. In ya shigo gaisuwa da safe, Baba yakan juyo da fuska wajen muryarsa ya tambaya ko an gama. Shi kuma ya ce saura kaɗan.