Kwaɗon da Ya Biyo Randar Inna

A ƙauyenmu, can bayan Dauran, randar Inna a kan wani tsohon kasko take zaune, cike da yashi mai laima. A cikin yashin nan akwai kwaɗo. Ban san shekarar da ya zo ba, ban kuma sani ba ko shi ɗaya ne tun farko ko gadon wurin suke yi. Idan rana ta take, idanunsa kawai za ka gani a saman yashi, maƙogwaronsa yana motsi a hankali kamar mai tasbihi. Inna ba ta yarda a kore shi. Takan ce randar da kwaɗo ya zaɓa ta fi ruwan sanyi.

Shekarar da zama ya gagara saboda 'yan bindiga, muka loda abin da ya samu a mota muka taho Ƙaura Namoda, na kama ɗaki biyu. Inna ta zo, amma hankalinta yana gida. Tuwo sai ta taɓa ta ture. Kullum da hantsi takan tsaya a bakin zaure tana tambayar masu babur ko akwai mai zuwa Zurmi, wajen garinmu. Na san idan na yi sake wata rana za ta hau, hanyar kuwa ba ta biyuwa. Na yi lallashi har na rasa abin faɗa.

Ran kwana na biyar, bayan azahar, matata ta kwance buhun da aka cusa kaskon a ciki da yashinsa. Ina kishingiɗe a inuwa, barci yana ɗaukata yana saki, na ga yashin ya ɗan tsage. Ido ɗaya ya fito, sannan ɗayan. Na ɗauka mafarki nake yi, har na ji ƙanshin fadamarmu bayan ruwan farko.

Matata ta ɗauko tsintsiya.

Inna ta ce, "Aje ta, 'yar nan." Ta durƙusa da ƙyar, ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta ce da shi, "Kai kuma wa ya gayyato ka birni? Ko mota ba ka taɓa shiga ba sai wanga karo."

Kwaɗo bai motsa ba. Ta tsoma yatsu a moɗa ta yayyafa masa ruwa.

Na ce, "Inna, in kai shi rafi in sake shi?"

"Rafin wa ya sani a nan? Baƙo ne." Ta murza yashin a tafin hannu. "Wanga ya bushe. Gobe ka tahi gulbin Gagare ka ɗebo mishi sabo, ban da na magina. Ni kuwa ba ni barin shi hannun matarka, da ruwan sabulu za ta kashe shi."

Matata ta yi dariya ta koma wanke-wankenta. Washegari na ari babur, na ɗauki buhu biyu.