Waya a Kan Katangar Maƙwabta

Abin da na fara gani wani ɗan allo ne ruwan ɗorawa, da zanen hannu da walƙiya, yana lilo a kan katangar da ta raba gidanmu da na maƙwabta a Unguwar Boro. A samansa an ja siraran wayoyi reras. Ɓarayi ne suka haura gidan maƙwabtan, shi ya sa maigidan ya sa aka kewaye shi da wayar lantarki.

Ni kuwa ta kan katangar nan nake hira da 'yarsa. In taka bulo, ita ta taka bokiti, in miƙa mata littafin soyayya, ta dawo mini da wanda ta gama. A raina na riga na aure ta, har launin labulen ɗakinmu na zaɓa. Rana ɗaya waya ta raba mu.

Wanda ya yi aikin wani saurayi ne daga Kakuri, mai faɗin kafaɗa. A barandarsu ya kafa akwatin da ke tura wutar, yana ƙas, ƙas kamar agogo, da jiniya mai kuka idan wani abu ya taɓa wayar. Ni an tsare ni a waje, shi kuwa ana buɗe masa ƙofa har da ruwan sanyi.

Jiniyar nan ba ta cika mako ba ta yi kuka ba, kuma duk kukan da ta yi sai an kira shi. Wata safiya na leƙa ta tagar ɗakina, sai ga 'yar maigidan da doguwar sanda, ta ɗora jiƙaƙƙen tawul a kan wayar. Jiniya ta ɗauka. Ta janye tawul, ta shige ɗaki shafa hoda.

Da ya zo, ina jiyo su ta bayan katanga.

"Injiniya, aikinka dai sai a hankali," in ji ta.

"Ƙanwata, aikina lafiya lau. Jiƙaƙƙen abu ne ya taɓa ta."

"Ƙadangare ne."

"Ƙadangaren gidanku da sabulu yake wanka?"

Suka kwashe da dariya. Ranar ko abinci ban iya ci ba.

Ranar Lahadi na tare ta bayan an tashi daga coci. Na ce mata na ga tawul.

Ko kunya ba ta ji ba. Ta ce, "To, ka gani. Ai gidanmu yana da ƙofa. Tun da aka sa wayar nan, ka taɓa zagayowa ka gaida Baba?"

Na koma gida ina shirya jawabin da zan yi wa babanta. Ina cikin gyara shi, aka sanar da baikonta da saurayin nan mai waya a coci.

Bara na hango ta a Sabon Tasha, a shagonsu na batura da akwatunan waya. Ta yi ƙiba, da goyo a bayanta, tana dariya da wani mai ciniki. Mai Keken da na hau ya tambaye ni ko nan zan sauka, na ce mu je.