Ruwan da Baba Ke Shiga Sha

Bana shekara bakwai ke nan da rasuwar Goggo Hajara, yayar mahaifina. Ba zan cika ku da yabo ba, don ita ma ba ta son dogon zance. Abu guda zan faɗa a kanta, wanda ta hana ni faɗa.

Mahaifina mai unguwa ne a cikin birnin Zariya. Rigimar katanga, kwatar da ta malala gidan maƙwabci, magada da suka ƙi jituwa a kan kangon ubansu, duk zaurenmu ake kawowa. Baba zai saurari kowa har magana ta cushe, sai ya gyara hula ya ce, "Ku ɗan dakata, bari in shiga in sha ruwa." Ga randa a zauren, ga moɗa a kanta, amma ba wanda ya taɓa tambaya. Ɗakin Goggo yake wucewa, ya tsuguna a bakin ƙofa ya zayyana mata. Tana kaɗi, ko kai ba ta ɗagowa, za ta gaya masa wanda ya fara gina katangar nan, da yadda zai raba su kowa ya tashi bai ji kunya ba. Ya fito yana share baki, ya yanke magana, dattawa su yi ta cewa Allah ya ƙara wa mai unguwa basira.

Mu yara abin da muka gani muke kwaikwaya. In muna wasa a tsakar gida, namiji ne mai unguwa, ya naɗa tsumma a ka, mu kuwa a ba mu gwangwani mu dafa ƙasa. Har "bari in sha ruwa" suke yi, su zagaya bayan rumbu su dawo. Ran da na ce yau ni ce mai unguwa, dariya aka yi mini, kuma 'yan matan sun fi mazan dariya. Na je wurin Goggo ina kuka, na ce ai na san ita ke yanke komai. Ta ce, "Ke Binta, rufe bakinki. In aka ji daga ɗaki maganar ta fito, wa zai karɓa? Ni dai a zauna lafiya."

Na daɗe ina jin haushinta. Yanzu na gane ta san mutanenta, ta zaɓi unguwa ta zauna lafiya ko da ba a ambaci sunanta ba. Amma abin ya bar mana tabo.

Yau ina koyarwa a wata firamare wajen Tudun Jukun. 'Yar wana, Hajara, takwarar marigayiya, tana ajina, kuma ita ke zuwa ta ɗaya. Da za a zaɓi monita na ce ta tsaya. Ta dube ni kamar na zautu. "Goggo Binta, ai monita namiji ne. Mu shara muke yi." Ba wanda ya zaunar da ita ya koya mata haka. Rawani kawai ta tashi tana gani.

Ga shi an ce matan Arewa ma yanzu za su jefa ƙuri'a. Da Goggo na raye, na san za ta yafa mayafi ta je ta jefa, ta dawo ba ta gaya wa kowa wanda ta zaɓa ba. To amma yarinyar da ba ta yarda mace za ta iya riƙe allin aji ba, me ƙuri'a za ta yi mata?

Sai na ba Hajara labarin ruwan, na ce in ba ta yarda ba ta tambayi kakanta. Bayan la'asar ta same shi a zaure da dattawa biyu. "Kai tsoho, wai ruwan me kake shiga sha a da, ga randa a gabanka?" Baba ya dubi ƙofar cikin gida. Sannan ya ce, "Mai sunanki ce ke yanke magana, ni faɗa kawai nake yi. Tun da ta tafi rigima ke kwana a zauren nan." Dattawan ba su yi mamaki ba. Ashe duk sun sani, yara kaɗai aka bari a duhu.

Ran Litinin Hajara ta ɗaga hannu. Ba ta ci ba, har wasu ƙawayenta namijin suka zaɓa. Ta fito tana huci, ta ce zango mai zuwa za ta sake tsayawa.

Goggo, ba ki bar gida ko gona ba, kin bar unguwar da har yau katangunta ke tsaye inda kika ce. Allah ya jiƙanki, ya sa kin huta. Ki yafe mini na tona. Shekara da shekaru na rufe bakina kamar yadda kika ce, amma takwararki ba za ta rufe nata ba.