Ɗankwalin Goggo Mai Kitso

Shekara ashirin da biyu Goggo ta yi tana kitso a barandar gidanta, a kan wata guntuwar kujera da aka ɗaure ƙafarta da waya. Hannunta ba zafi, bakinta ne dai sai a hankali. Ki motsa kai ki sha ranƙwashi, ko ke matar wane ce.

Wata safiya tana taje kanta, yatsanta ya faɗa wani fili sumul a bayan kunne, faɗin murfin kwalba. Kafin wata biyu, filayen sun zama huɗu. Tsoro ya kama ta. Mai kitso da makero? Wa zai ƙara miƙo mata kai? Ta tafasa mataji da kibiya a tukunya, ta ɗaure ɗankwali tamau har gira, kowa ta zo sai ta ce mata ta dawo jibi.

'Yarta ce ta ja ta asibiti da ƙyar. Likita ta duba, ta ce ba makero ba ne.

"Goggo, jiki yana da dakarun da ke yaƙar cuta. A wani ɗan nama cikin ƙirji ake horar da su, su san na gida. Cikinsu akwai masu tsawatarwa, waɗanda in sauran sun tasam ma jikin, su ce kai, bari, namu ne. Naki ne ba su tsawatar ba, aka far wa saiwar gashi."

"To, ana ɗauka?"

"Ko da mataji ɗaya kuke taje kai, ba a ɗauka."

Goggo ta ji sanyi, amma ai ba likita ce za ta zauna mata kitso ba.

Ran Asabar sai ga Malama, tsohuwar malamar makaranta, wadda tun tana amarya Goggo ke mata kitso. Goggo ta buɗe baki za ta ce jibi, sai kunya ta hana ta. Ta kwance ɗankwalin, ta sunkuyar da kai.

Malama ta daɗe tana kallo.

"Wannan ne jibin da kike ta yi min?"

Ta zauna kan tabarma, ta jingina da gwiwoyin Goggo, ta cire nata ɗankwalin.

"Irin na kullum. Kuma ki ranƙwashe ni ki gani, yanzu na san inda zan rama."

Goggo ta ɗauki kibiya, idonta ya cika da ƙwalla. Tsagar farko ta karkace, Malama kuwa ta gyara zama ta ƙara miƙo mata kai.