Sandunan Ɗakin Inna

Bana shekara goma sha biyu ke nan da rasuwar Hamidu, wanda maginan Garwa suka fi sani da Kwantirola. Da za a ce in zaɓi abu ɗaya in goge daga rayuwata, ba zan yi dogon tunani ba. Maganar da na faɗa masa ce a ƙofar gidana, a gaban jama'a, ranar da mahaifiyata ta dawo daga aikin Hajji. Ni mahauci ne, karatuna bai wuce na allo da ɗan abin da na tsinta a firamare ba, don haka mai karatu ya yi mini haƙuri in na ɗan zagaya kafin in iso wurin.

Hamidu ɗan kawuna ne, ubansa da Innata ciki ɗaya suka fito. Taubasai ke nan, kuma mun yi wasan nan tun muna yara har furfura ta fito mana. Shi yana kirana bawansa, ni ina kiransa bawana, har ya koma ga Allah ba a raba gardamar ba. Ya yi boko, ya karanci harkar gini, meri, wato hukumar gari, ta ɗauke shi aikin duba gine-gine. Ni kuwa na gaji wuƙar babana.

Yana da wani tsohon babur da ake jin zuwansa tun daga nesa. In ya shiga shantiye, wato inda ake gini, sai ya bi kowa da gaisuwa, wannan da Fulatanci, wancan da Hausa, har mai kwaɓa siminti. Sannan ya ɗauki bulo ɗaya, ya ɗaga daidai ƙirjinsa, ya sake shi. In ya tarwatse sai ya dubi mai buga bulon ya ce, "Malam, ai wannan ƙuli-ƙuli ne. Kai wa bawana mai nama, yana nema." Kowa ya yi dariya, amma bulon ba zai hau bango ba.

Bayan La'asar yakan biyo ta rumfata, in yanka masa ɗan tsire, ya zauna yana ba ni labarin abin da ya gani. Wani ya haƙa salga kusa da rijiyar da 'ya'yansa ke sha. Wani ya murɗe wayoyin lantarki ya naɗe da leda, ya shafe da siminti. Wani ya yi matakalar bene, kowane taki da tsayinsa, har mai gidan ma sai ya lalubi bango. Wani ya ƙi sayen yashin kogin Binuwai mai tsabta, ya kwaso mai laka daga bayan gida. Wani kuma ya ja katanga a kan hanyar ruwa, damina ta zo ta kwana a ɗakin maƙwabcinsa. Bai cika ba da labarin nan da fushi ba. Yakan ce mugunta kaɗan ce a cikin gini, gaggawa da jin kunyar mutane su suka fi rushe gidaje. Ina juya nama ina gyaɗa kai, ban san ni ake yi wa karatu ba.

Yanzu in na bi ta unguwar Rumde Ajiya da yamma, na ga benayen da suka tashi a inda da shaguna ne na kwano, nakan tambayi kaina me zai ce. Ginin yau ya fi na da kyan fuska, an liƙa tayil, an sa gilashi. Amma na sha ganin an ɗora hawa na uku a kan tushen da aka haƙa don ɗaki ɗaya, na kuma ga rodi siriri kamar tsinken tsire an ɗaure za a yi ginshiƙi da shi. Ina jin da zai tsaya, ya kashe babur, ya fara da gaisuwa kamar yadda ya saba.

Shekarar da Inna ta tafi Makka, Babbar Sallah ta faɗo a tsakiyar zafi, irin zafin Garwa da ke sa ƙarfen ƙofa ya ƙona hannu. Na ƙudurta ba za ta dawo ta shiga tsohon ɗakinta na kwano ba. Zan yi mata ɗaki mai dal, rufin kankare, da baranda inda mata za su zauna in sun zo yi mata barka. A cikinmu mahauta, ɗakin da aka sauke mahajjaciya da shi ake auna ɗanta. Ba wanda zai faɗa da baki, amma kowa zai ɗaga kai ya duba.

Bango ya tashi da wuri, sai maginin ya tafi garinsu yin Sallah, ba a zuba dal ba sai bayan layya. Hamidu ya zo ranar, ya duba rodi, ya ce ya yi. Abu biyu ya gaya mini kafin ya tafi: a riƙa shayar da rufin ruwa safe da yamma, kuma kada a taɓa sandunan da ke tokare da shi daga ƙasa sai ya kusa wata. Na ce to. Sai dai kwanakin bayan Sallah mahauci ba ya mallakar kansa. Famfo ya ɗauke, ɗan ruwan da muke saya ya tafi wajen wankin kayan ciki da girki, dal kuwa yana can rana tana gasa shi.

Ko mako biyu bai cika ba aka ce jirgin alhazai ya kusa. Na leƙa ɗakin, sanduna a tsaye kamar an shiga kurmi, ba inda za a sa gado balle darduma. Hamidu yana Marwa, ya je ta'aziyya a unguwar Dugoy. Na kira maginin na tambaye shi. Ya sosa ƙeya, ya ce, "Wala ayibe, Alhaji, ba komai. Wannan zafin ai ya busar da shi tuni." Ban taɓa ganin laifinsa ba. Ya ga amsar da nake so a fuskata ne, ya miƙo mini. An ce ba a fafe gora ranar tafiya, ni kuwa na fafe. Aka zare sanduna, aka shafa farar ƙasa, aka shimfiɗa darduma.

Ranar saukar jirgi, tukwane suna kan wuta, mata sun fara cika baranda, sai ga Hamidu a kan baburinsa, dawowarsa ke nan daga Marwa. Ya shiga ɗakin ya ɗaga kai, ya daɗe a haka. Sannan ya yafito ni.

"Bawa, ina sandunan?"

"Sun tafi yawon Sallah," na ce da shi.

Bai yi dariya ba. Ya ɗauko miƙaƙƙen katako, ya hau kujera ya kara shi a jikin rufin. Tsakiya ta taɓa katakon, gefe da gefe ba su taɓa ba. Ya nuna mini wata tsaga siririya kamar gashi a ƙarƙashin farar ƙasar.

"Gwaggo ba za ta kwana a nan ba."

"Uwarka ce ko tawa?"

"Kafin ta zama uwarka ƙanwar ubana ce. Fitar da matan nan, a mayar da sanduna, a sauke ta a tsohon ɗaki. Ka ce fenti bai bushe ba, ni zan tsaya maka a kan maganar."

Ƙofa ce ya buɗe mini, na ƙi shiga. Maimakon haka na je na kirawo dattawan unguwa su roƙe shi, don na san ba ya iya haɗa ido da babba. Suka kewaye shi suna cewa rana ɗaya ce, ya rufa wa ɗan'uwansa asiri. Ya saurare su kansa a ƙasa har suka gama. Sannan ya je wajen baburinsa, ya ɗauko gwangwanin jan fenti, ya ja alamar nan da meri ke yi wa ginin da za a rushe, a kan farin bangon da na shafa jiya. Duk ɗan Garwa ya san ma'anarta. Kafin a ce me, baranda ta watse.

A nan ne na faɗi maganar. Na ce shi da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana leƙen ginin mutane bai taɓa aza bulo ɗaya na kansa ba, har yau yana ɗakin ƙasa na ubansa, to hassada ce ke cinsa. Matarsa tana cikin masu tuƙa tuwo, muciya na hannunta. Ya goge yatsunsa da tsumma, ya ce, "Allah ya huci zuciyarka, Garba." Tun da muka tashi ban taɓa jin sunana a bakinsa ba sai ran nan. Ya wuce filin jirgi, ya ɗauko Inna ya kai ta gidansu.

Na zaci kwana biyu za ta yi. Da aka ba ta labari sai ta ce ba za ta kwana ƙarƙashin rufin da ya raba 'ya'yanta ba, a gyara tukuna. Na mayar da sandunan a ɓoye, don ni kaina na fara jin tsoron shiga, na sa kwaɗo na rufe. Amma in fasa dal ɗin, a'a, don fasawa na nufin ya yi gaskiya. Damina biyu ta wuce ina kan wannan. Nakan je gaishe ta lokacin da na san yana wurin aiki. Ba ta taɓa yi mini faɗa ba. In zan tashi sai ta ce, "Ka ga ɗan'uwanka kuwa?" In ce ban gan shi ba, ta ce to, a gaida gida.

Sai da ciwo ya kwantar da ita na farka. Ina so in dawo da ita gidana in yi jinyarta da hannuna, ta ce, "Ɗakin fa?" Washegari na kira masu guduma. Dukan farko ya ratsa dal ɗin ya fita ta ƙasa. Mai gudumar ya ɗebo kankaren ya murza a tafin hannunsa ya zama gari. Na tuna matan da suka cika barandar nan, da inda na sa gadon, na ce su rushe shi duka.

Ranar da za a sake zubawa ban aika wa Hamidu ba, amma na ji baburinsa. Ya shigo ya duba rodi, ya juyo ya ce, "Bawa, tsayuwar me kake yi? Kawo bokiti." Na ce ba a aiken mai gida a gidansa, ya ce bawa ba shi da gida. Shi ke nan. Kullum da safe kafin ya tafi aiki sai ya biyo ya hau da kansa ya shayar da rufin. Wannan karon ba wanda ya taɓa sanda ko ɗaya. Suna nan a tsaye, saura kaɗan a zare su, aka ɗauki gawar Inna daga gidan kawu. Ba ta taɓa kwana a ɗakin ba.

Mun ƙara shekaru masu yawa tare, yana zuwa rumfa, ina yanka masa tsire, muna zolayar juna kamar ba abin da ya faru. Wasan taubashi rahama ne, yana ɗinke abin da baki ya kasa. Amma ni ɓuya na yi a bayansa. Sau da yawa nakan shirya in ce masa ya yafe mini, sai in ga yana dariya, in ce bari sai gobe. Magana zarar bunu ce, na zare tawa a gaban mutane, ban kuma mayar da ko tsinke ɗaya a gabansu ba. Ya rasu a wannan ɗakin ƙasa da na yi masa gori da shi. Matarsa har yau tana amsa gaisuwata da mutunci, amma ta ji abin da na faɗa, ba ta kuwa ji na janye ba.

Ba wani gini a Garwa da ke ɗauke da sunan Hamidu. Abin da ya bari ba ya nunuwa da yatsa: rijiyar da ba ta haɗu da salga ba, yaran da suka girma ƙarƙashin rufin da bai faɗo ba, ba su ma san an taɓa yin gardama a kansu ba. Jikokina suna kwana a ɗakin Inna yanzu, ko ɗigon ruwa bai taɓa zuba ba. Allah ya jiƙansa, ya jiƙan Gwaggonsa, ya sa sun huta.

Alhazan bana sun kusa dawowa, kuma na san akwai wanda yanzu haka yake leƙa wani ɗaki yana lissafin kwanaki. Roƙona gare shi, in rufin bai nuna ba ya sauke tsohuwarsa a ɗakin kwano, surutun mutane ba ya wuce yini ɗaya. In kuma wani naka ya tsaya maka a hanya don kada ka cutu, har ka gaya masa baƙar magana, kada ka yi irin tawa. Ka je ka same shi tun yana iya amsa maka, ka tara waɗanda suka ji, ka faɗa da bakinka.